Kara Uku a Ƙarƙashin Faifai

Shekara talatin da ɗoriya yaron nan yana shan taba, ban taɓa buɗe baki na ce masa ya bari ba. Ba don ina so ba. Na ƙi ta har cikin raina. Amma shi ne ɗana na fari, mu kuwa yadda muka taso, mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta nuna ta damu da cinsa ko shansa a gaban mutane. Ranar da aka yaye shi, uwata ta zo daga Tirmini ta goya shi ta tafi, can ya girma. Ita yake ce wa Inna. Ni kuwa Yaya yake ce mini, har yau da furfura ta cika masa gemu. Ni ma har yau yaron nan nake cewa, kowa a gida ya san wanda nake nufi.

Direban kamiyo ne, babbar motar kaya. Wake da dabbobi yake kai wa Kano, ya juyo da abin da ya samu. A hanya ya koyi taba, wai tana korar barci. Sashensa da matarsa yana can ƙuryar gida, ɗakina yana kusa da zaure, saboda haka shigarsa da fitarsa duk ta ƙofata ne. Bai taɓa sha a gabana ba, wannan kam zan shaide shi. Sai dai warin yana riga shi sallama. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Yaya, an wuni lafiya?" In kau da kai in ce, "Lafiya lau." Ya tashi ya wuce. Hirarmu ke nan, shekara da shekaru.

Ana nan, ana nan, tari ya kama shi. Da fari na asuba ne kawai, ya yi ya yi ya tofar, ya fita masallaci. Daga baya ya zama ko buhu ya ɗaga sai ya tsaya ya dafa bango. Wata Juma'a aka dawo da shi a mota, mutum biyu suna riƙe da shi, numfashi yana fita da ƙyar kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Kwana shida ya yi a babbar likita, wato asibiti. Ban je ba. Na zauna a ɗaki da carbi. Surukata, matarsa, ita ke zuwa tana dawowa. Yarinya ce mai hankali, ta san ba zan tambaya ba. Sai ta ɗauko tiren shinkafa ta zauna kusa da ƙofata tana tsincewa, tana magana kamar da kaji take yi: yau ya ci abinci, yau an ɗauki hoton ƙirji, yau lokotoro, wato dakta, ya yi masa faɗa. Ina jan carbi, kunnena yana wajenta.

Lokotoro bai yi masa kwana-kwana ba. Ya ce ko taba ko rai, ya zaɓi ɗaya. Ya zaɓi rai. Aka sallamo shi da magunguna da wani ɗan littafi da suke ce wa karne, aka ce duk wata ya je ƙaramar likitar unguwarmu, majo ta duba shi. Majo ita ce babbar ma'aikaciyar wurin, ita ke riƙe da komai.

Makonnin farko gidan nan ya ga abu. Mutumin da ba ya ɗaga murya ya koma yi wa akuya tsawa don ta dube shi. Goro ya ci har haƙoransa suka rine, asuwaki kuwa tauna shi yake kamar rake. Amma bai sha ba. Warin ya bar rigunansa, sallamarsa ta riƙa zuwa ita kaɗai. Na gode wa Allah a ɓoye.

Da suka dawo daga ganin majo karon farko, surukata ta ɗauko tirenta ta zauna. Ta ce an auna tansiyo, awon hawan jini, an saurari ƙirji. Ta ce kuma akwai wani ɗan inji, bai fi tafin hannu biyu ba, ana tsaga yatsa da ɗan tsinke, a ɗebi ɗigon jini a cikin wani ɗan gilashi kamar farce, a tura wa injin a baki. Kafin ka karanta Fatiha ya fito da lamba. Ta ce wai ƙarfin jini yake aunawa, nan take, ba sai an kai kwalba wani wuri an ce ka dawo jibi ba.

Carbi ya tsaya a hannuna. Na san injin nan.

Ina da ɗiya, ta uku a ɗakina, aka yi mata aure a Zermu. Haihuwarta ta biyu ta zo da zubar jini. Kafin a samo mota a kawo ta Damagaram, tafin hannunta ya yi fari kamar audugar da aka sheƙe. A matarnite, ɗakin masu haihuwa, aka tsaga yatsanta aka tura wa irin injin nan. Matar da ta auna ta dubi ƴar uwar aikinta ta ce, "Huɗu." Sannan ta juyo ta ce mini, "Kar ki damu, Iya, za a sa mata jini." Aka shiga neman wanda jininsa zai yi daidai. Kafin a gama, ta cika. Ban san karatu ba, amma ranar na koyi abu biyu. Na ɗaya, lambar injin nan in ta yi ƙasa, kabari take nufa. Na biyu, in mutanen likita suka ce kar ka damu, to ba labari suke ba ka ba, lallashi ne.

Surukata ta ce, "Nasa sha takwas."

Sha takwas! Na ji sanyi ya sauka mini har ƙafa. Na ce a raina, ƙirji ya taɓu amma jini yana nan cike, Alhamdu lillahi. Ranar har na ci tuwo na ƙara.

Wata ya zagayo, suka koma. Ta zauna da tirenta ta ce, "Yau sha bakwai. Majo ta ce madalla."

Madallar nan ta tsaya mini a rai. Ɗaya ta tafi, ana cewa madalla.

To, abin da baki ba zai faɗa ba, kwano yana faɗa. Uwa ba ta tambayar ɗan fari lafiyarsa, amma babu wanda ya hana ta aika masa da abinci, shi kuma ba shi da ikon mayarwa. Na sa aka riƙa sayo mini hanta tun da hantsi, kafin ƙuda su gan ta. Na kwaɗa zogale da ƙuli. Na jiƙa dabino a madara ya kwana. Na dafa zoɓo mai kauri na zuba sukari ba awo, na dama tumatirin gwangwani a ciki, yadda ake yi wa mai jego da ta yi fari. Kullum langa tana fita daga ɗakina da faifai a kanta, ta dawo a wanke. In yana hanya, a ƙulla masa a leda.

Ya yi ƙiba. Kumatu suka fito, rigunansa suka matse shi. Wata rana ya durƙusa gaisuwa, ƙafa ta ƙi lanƙwasuwa, ya ce, "Yaya, in layya ake shiri da ni a faɗa mini, in yi sallama da abokai." Na kau da kai na ce, "Allah ya shirye ka." Dariya ta so kuɓuce mini, na danne.

Wata na uku, sha shida. Wannan karon surukata ta daɗe tana juya shinkafar da ta riga ta tsince. Can ta ce, wai majo ta auna sukari ma, da wani ɗan injin dabam, ta ga ya ɗan hau, ta tambaya me ake ba shi a gida. Wai a rage zaƙi. Na ji ta sarai. Na ce a raina, sukari ba ya kashe mutum a wuni ɗaya, jini kuwa na ga yadda yake yi. Na ƙara hanta.

Wata na huɗu, sha biyar da rabi.

Ranar na zauna na ƙirga da yatsu. Daga sha takwas zuwa nan, wata huɗu. In aka ci gaba a haka, kafin wata shekara ta kewayo sau ɗaya da ƴan watanni, za a iso huɗu. Na ƙirga na sake ƙirgawa, lissafin bai canja ba. Hanta ba ta tsayar da shi ba, zogale bai tsayar ba. Na ce to, me ya sauya a jikin yaron nan tun da jinin ya fara sauka? Abu ɗaya ne. Yana sha, jini sha takwas. Ya bari, jini yana tsiyaya. Na tuna uwata, taba gari tana cikin leɓenta har ta haura tamanin, ba a taɓa cewa jininta ya yi kaɗan ba. Na tuna bangon da ya jingina da tokara shekara talatin, ba a fizge tokarar rana ɗaya. Na ce mutanen likita sun duba ƙirji sun manta da jini. Ba wai ya koma kamar da ba. Kara ɗaya yau, ɗaya gobe, don jinin ya samu abin dafawa.

Haka na yi tunani. Ba na ɓoyewa, ba na kuma ƙawata shi.

Akwai wani Bakano mai tebur a bakin titinmu, ya fi shekara ashirin a nan, wurinsa nake sayen sabulu da ashana. Na yafa mayafi da hantsi na je.

"Hajiya, barka da fitowa. Sabulu ko gishiri?"

"Taba."

"Ta gari? Ai ba na ajiye ta, sai tsofaffin cikin kasuwa."

"Ta kara. Irin wadda direbobi ke sha."

Ya tura hula gaba ya sosa ƙeya. "Ikon Allah! Da ma an ce ku Damagarawa sai kun tsufa kuke lalacewa."

"Ku Kanawa kuwa da ita ake haihuwarku. Ba ni uku, ka kama bakinka."

"In kunna miki ɗaya a nan, ko sai kin je gida kin miƙe ƙafa?"

Ban yi dariya ba. Da ya dubi fuskata, shi ma ya daina. Ya zaro uku yana naɗewa a takarda a hankali, ya ce, "Hajiya, ba dai ta direba ba ce? Wata huɗu bai tsaya a teburin nan ba. Ni da cinikina ya ragu, wallahi har daɗi nake ji."

Na ce, "Ba a tambaye ka ba."

Na bar su kwana biyu a ƙarƙashin katifa, sai ranar da surukata ta tafi suna gidan ƙanwarta. Na zuba hanta a langa, na rufe, na ɗora ƙullin takardar a kan murfi, na kife faifai. Na yi bisimilla. Na kai da kaina na ajiye a bakin ƙofarsa, na yi gyaran murya, na juyo. Langa ta dawo a wanke, ba takarda, ba magana.

Kwana ɗaya shiru, kwana biyu shiru. Rana ta uku da la'asar, warin ya riga shi sallama. Allah ya gafarta mini, na ji daɗi.

Abin da ban sani ba, kara uku ba sa zama uku. Ya gama nawa, ya sayi kwali da kansa a tasha. Kafin kwana tara, tarin asuba ya dawo, irin na da, mai tono daga ƙasa. Na ji shi ta bango. Na ce wa kaina jini ne yake komawa mazauninsa.

Rana ta goma surukata ta zo ƙofata, ba tire a hannunta. Ta durƙusa ta ce, "Iya, ya koma."

Na kau da kai.

"Na yi masa kuka, na ce ya ji tsoron Allah, ya dubi ƴaƴansa. Ya ce ba shi ya nema ba, aiko masa aka yi, daga hannun da ba a mayar wa kyauta. Na ce wane hannu ne? Ya ce in bar maganar." Ta ɗago ido ta dube ni, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan nan. "Iya, hannu nawa ne a duniya ba zai iya mayar wa kyauta ba?"

Na ce, "Ni ce."

Ta zauna dirshan a ƙasa.

Na ce, "Jininsa ne ke ƙarewa, ke da bakinki kike kawo mini lambar. Na binne ɗaya a kan lamba huɗu. Ba zan zauna ina ƙirga wa na biyu ba."

"Amma majo fa cewa take yana kyau."

"Haka suka ce mini a matarnite."

Ta share hawaye da bakin zane. Ta ce, "Iya, ni ba zan yi gardama da ke ba, kuma ban iya bayanin ba. Amma likitar nan ba nisa. Don Allah ki je ki ji daga bakinta. In ta ce ke ce da gaskiya, ni da kaina zan riƙa sayo masa."

Kashegari na tafi. Na zauna a benci tsakanin masu ciki da masu goyo har layi ya zo kaina. Majo mace ce mai jiki, da tabarau a kan hanci, ta kusa samun jika ita ma. Ta ce, "Iya, me ke ciwo?"

Na ce, "Ba ni ba ce. Wani yaro ne kuke auna wa jini duk wata, direba."

"Direbobi masu tari suna da yawa a littafin nan. Sunansa?"

"Dogo ne, yana da gemu. Kamiyo yake ja."

"Duk dogaye ne, Iya, duk da gemu." Ta sauke tabarau ta dube ni. "Ɗan fari ne ko?"

Na sunkuyar da kai.

"Na sani, uwata ma haka take yi wa yayana. Amma ba zan buɗe takardar mutum in yi magana a kanta ban tabbata shi ne ba. Ba kowa a ɗakin nan. Matso ki faɗa mini a kunne."

Tun ranar da liman ya raɗa masa shi, sunan nan bai taɓa hawa harshena ba. Shekara hamsin da biyu. Na matsa. Na faɗa. Ya fito da ƙyar, kamar ba da Hausa aka yi shi ba. Ita kuwa ko a jikinta, ta lashi yatsa ta shiga buɗe shafi.

Na gaya mata komai, da ɗiyata, da hanta, da kara uku. Ba ta katse ni ba. Da na kai kan taba, ta cire tabarau gaba ɗaya ta ajiye a tebur, ta rufe ido ta ce, "Inna lillahi." Na zaci zagi zai biyo. Sai ta ce, "Iya, a unguwarku famfo yana zuwa?"

Na ce, "Yaushe rabon duniya da ayyaraye. Wurin ƴan ga-ruwa muke saye."

"To. In mai kura ya zo da bido, jarkokin nan, cike, kura ɗaya ta ishe ki wuni. In kuwa kowane bido rabinsa yashi ne, kura nawa za ki kira?"

"Biyu, ko uku."

"In kowane gida ya kira uku, lungun ya zama yaya?"

"Ba mai wucewa."

"Haka jininsa yake a da. Aikin jini ɗaukar iska ne ya kai wa jiki. Hayaƙin taba yana shiga ya zauna a wurin iskar, sai jiki ya ga ba ta isa, ya yi ta ƙara ƴan dako. Sha takwas ɗin da kika yi wa murna ba lafiya ba ce, cunkoso ne. Jinin ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, zuciya tana turawa da ƙyar. Irinsa ne yake toshe wa mutum jijiya ya faɗi rabin jiki a mace. Da ya bar taba, bidon ya koma cika, jiki ya fara sallamar ƴan dakon da ba ya bukata. Saukar da kike gani ke nan. Ba zai kai huɗu ba. Zai zo inda ya dace da namiji ya tsaya, ya ma kusa."

Na ce, "Haka kuke cewa."

Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Kawo yatsanki."

Ta goge da auduga, ta tsaga, ɗan gilashin ya tsotsi ɗigon. Ta tura wa injin, ta juyo da fuskarsa wajena ko da yake ban iya karantawa ba. Muka zauna muna kallonsa mu biyu. Ya yi ƴar ƙara.

"Sha biyu. Kin fi ɗanki ƙasa da uku da rabi, kuma da ƙafarki kika zo, har da ƙarfin gardama. In sa a kawo makara?"

Na dubi yatsana. Ɗigon jini ya sake tsatsowa, na danne da audugar. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ni gudun da na yi, ɗana na tura wa macijin.

Na ce, "Kwana goman nan za su nuna a injin?"

"Da wuya. Injin bai san kwana goma ba. Ƙirjin ne ya sani. Kuma ba zan ɓoye miki ba, fita ta biyu ta fi ta farko wuya, wasu ba sa fitowa. Laifina ma yana ciki, madalla kawai nake cewa ban bayyana ba. Amma ni na yi masa magana, lokotoro ya yi, matarsa ta yi, duk kin rushe da kara uku ba ki ce uffan ba. To ki duba nauyin bakinki in kika buɗe shi."

Daga nan ban koma gida ba. Na san ranar yana lodin wake a tasha, zai tashi bayan azahar. Tunda nake ban taɓa taka wurin ba. Rana tsaka, ƙarar injuna, warin gazuwal, man manyan motoci, maza ko'ina, ina ratsawa da sandata ana matsa mini. Na hango shi zaune a inuwar motarsa da wasu direbobi, hayaƙi yana fita ta hancinsa. Ya gan ni. Ya miƙe zumbur, ya dunƙule karan da wutarsa a tafin hannu ya kai baya. Na ga fuskarsa ta motsa don ƙuna, bai saki ba. Abokan suka gaishe ni suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Ya durƙusa. "Yaya, lafiya? Wani ya mutu?"

Na tsaya ina kallon tayar motar. Na ce, "Daga likita nake. Abin da na aiko maka, kuskure na yi. Na ga jininka yana sauka, na zaci irin na ƙanwarka ne, na zaci tabar ce ke riƙe da shi. An nuna mini ba haka ba ne."

Can ya buɗe hannun, karan ya mutu, ya bar masa baƙin tabo a tsakiyar tafi.

Ya ce, "Kwana biyu suna aljihuna ina taɓa su. Na ce gwada ni ake yi. Na ce ko kuwa lokotoro ya faɗa muku wani abu ne aka ɓoye mini, kika ce a bar ni in ji daɗina kafin lokaci." Ya yi tari ya juya ya tofar. "Yaya, shekara talatin ina jira ki ce in bari. Da kin faɗa sau ɗaya, ko ta bakin wani ne. Ba ki faɗa ba. Ran da saƙonki ya zo, sai ya zamana cewa ya yi in sha."

Na ɗauke ido daga tayar na dube shi. Idonsa irin na ubansa ne, ban taɓa lura sosai ba.

Na ce, "To yanzu na faɗa. Ka bari."

Ya sa hannu a aljihu ya zaro kwalin, ya miƙo da hannu biyu. Na karɓa na ƙulle a bakin mayafi. Ya ce a kai ni gida, na ce na san hanya.

Majo ba ta yi ƙarya ba, fita ta biyu ta fi wuya. Sati uku ba ya barcin kirki, ba ya cin abinci, ya yi faɗa da mai kayan da yake wa dako har suka rabu. Sau biyu ya zame a hanyar Kano, kara ɗaya ɗaya, kuma duk sau biyun shi ya zo ƙofata ya faɗa da bakinsa. Ni kuma na ce, "Ka bari," ya ce, "To." Ban san wata magana da ta wuce wannan ba, ban kuma ƙara mata komai ba. Dabino da zoɓo na daina, sukarin ya koma inda yake. Surukata ta yi wata guda tana gaishe ni a taƙaice. Ban ga laifinta ba.

Yanzu wata takwas ke nan bai sha ba. Tarin bai tafi duka ba, majo ta ce abin da ya ƙone a ƙirji ba ya tohowa, sai dai a tsare abin da ya rage. Ko kwana goman nan sun ci wani abu daga abin da ya rage, ba wanda zai iya gaya mini, na tambaya.

Ranar awo tare muke zuwa. Yana gaba ina baya, a benci shi can ni nan. In aka tsaga yatsansa aka tura wa injin, har yanzu carbi yakan tsaya a hannuna kafin ya yi ƙara. Sanin da na yi bai kore tsoron ba. Majo takan faɗi lambar da ƙarfi, ta dube ni ta saman tabarau. Wata huɗu ke nan a jere tana cewa sha biyar. Bai ƙara ba, bai ragu ba.

Wancan makon da muka fito, ya tsayar mini da kabu-kabu, ya riƙe mini sanda har na zauna daidai, ya ce wa mai babur ya bi a hankali. Na ce shi fa? Ya ce zai taka da ƙafa.